Ƙofofin Yakite: yadda hannun mai fenti ya mutu, da yadda ya farfaɗo

Wata Asabar da hantsi a shekarar 2022, ina tsugune a bakin titin Koudoukou ina ja wa wani mai shagon atamfa layi a jikin allon langa-langa, sai saƙon murya ya shigo wayata. Lambar Kamaru ce. Na goge hannu a tsumma na kara wayar a kunne. Tun kafin ta faɗi ko wace ce na gane muryar. Maƙwabciyarmu ce ta da a Yakite, wadda duk yaran layinmu muke kira Inna. Rabona da ita tun watan Fabrairun 2014, ranar da ta hau bayan babbar mota da jikokinta uku da buhun tukwane.

Bayan doguwar gaisuwa sai ta ce: "Ɗana, an ce mini har yanzu kana taɓa fenti. Abu guda nake roƙonka. Ka zana mini ƙofar gidana yadda take. Yaran nan sun girma a Garoua-Boulaï, in na ce musu muna da gida a Bangui sai su riƙa kallona kamar mai tatsuniya. Ba ni da hoto ko ɗaya. Wayar da ke da hotunan tare da gidan ta tafi."

Na san inda gidan yake, kusan kullum ina wucewa ta wurin. Babu ƙofa, babu bango, sai guntun tushe da ciyawa da wani gwanda da ya fito a inda ɗakin girkinta yake. Na amsa mata da "to, Inna, insha Allahu", amma gabana ya faɗi. Shekara ashirin ina riƙe da burushi, ba a taɓa ba ni aikin da ya tsorata ni kamar wannan ba.

Malamin lakwal, yaron mai fenti

Ni malamin makarantar boko ne, ajin CM2 nake koyarwa, yara suna kirana Mushe. Duk wanda ya san aikin koyarwa a ƙasar nan ya san alli shi kaɗai ba ya riƙe gida. Wani abokin aikina kabu-kabu yake yi da yamma, wani yana da teburin sayar da katin waya. Ni kuwa burushi ne. Allon shago, sunan makaranta, rubutun bayan mota, lambar gida, duk ina yi. A Sankilo, kamar yadda muke kiran Kilomita Biyar, in ka ɗaga kai ka ga rubutu ja mai baƙar inuwa a saman wani shago, mai yiwuwa hannuna ne.

Ina ɗan shekara 13 mahaifina ya kai ni wurin wani dattijo mai rumfar fenti kusa da kasuwa. Baba muke ce masa. Kakanninsa daga ƙasar Kano suka taso, suka biyo ta Ngaundare da fatauci har suka yada zango a bakin Ubangi. Wata shida na farko bai bar ni na taɓa fenti ba, sai wankin burushi da kananzir da kankare tsatsa a jikin langa-langa. Daga nan ya koya mini bugun zare: a shafa wa zare garin alli, mutum biyu su ja shi tam, a ɗaga tsakiya a saki, sai layi ya fito miƙaƙƙe kamar an auna da ma'auni. Ya koya mini yanka haruffa a jikin tsohon faifan hoton ƙashi na asibiti, domin shi ba ya jiƙewa kamar kwali, sai a yi ta buga lamba da shi har sau ɗari. Ya koya mini cewa rawaya a kan fari asara ce, daga nesa ba mai ganinta, kuma ja shi ne launin da rana take fara cinyewa, don haka shafi biyu ake yi masa.

Abin da ya fi nanata mini shi ne ƙirga haruffa kafin a fara. Na taɓa ƙin ji. Na kama rubuta ALIMENTATION a allon wani mai kanti, na baje haruffan farko son raina, da na iso ƙarshe sai wuri ya ƙare, na matse ukun ƙarshe kamar fasinjojin taksi. Baba bai yi faɗa ba. Ya sa na ɗauki allon a ka na zaga rumfunan maƙwabta ina tambayar kowa ya karanta mini. Tun daga ranar ban sake fara layi ban ƙirga ba.

A rumfar nan harshe uku muke rubutawa: Faransanci don hukuma da baƙi, Sango don kowa da kowa, Larabci don albarka. Hannun Baba a Larabci daban ne, domin shi mahaddaci ne kafin ya zama mai fenti. Duk yaron da zai yi sauka a unguwa, wurinsa ake kawo allo ya yi masa zayyana. A nan ne na fara ganin yadda ake dafa tawada da ƙaro da gawayi, yadda ake feƙe alƙalamin kara, da yadda ake fitar da da'ira da ƙusa da zare. Ya nuna mini tsohon Alƙur'aninsa rubutun hannu, baƙaƙe da baƙar tawada, wasali da ja, hamza ɗigon rawaya, ya ce: "Ka gani, yaro? Kakanninmu sun san launi tun kafin a kawo fenti a gwangwani."

Akwai aikin da ba ya karɓa, wato allon masu aski, wanda ake zana kawunan mutane. In an kawo sai ya tura wa wani abokinsa Kirista a Miskine, shi kuma in an kawo masa rubutun Larabci sai ya turo wa Baba. Malamai sun yi maganganu a kan zanen abu mai rai, wasu sun tsananta, wasu sun sassauta a abin da ba shi da jiki ko aka yi don koyarwa. Baba ya ɗauki ɓangaren taka-tsantsan, ni ma a kansa na tashi, in ban da zanen darasi a allon aji. Wannan iyaka na daɗe ina ganinta kamar ƙunci. Sai daga baya na gane ita ce ta tura ni wurin ƙofofi.

Shekarun da fenti ya koma warin mutuwa

Ba sai na ba mai karatu labarin 5 ga Disambar 2013 ba, kowa a cikinmu yana da nasa. Na gama makarantar horon malamai ke nan da shekara guda. Cikin 'yan makonni unguwannin da ke gefen Kilomita Biyar suka zama fagen daga, Yakite kuwa tana bakin iyaka. Ayarin manyan motoci suka riƙa kwasar mutane zuwa Chadi da Kamaru. A watan Maris na 2015 jakadiyar Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya, Samantha Power, ta faɗa wa duniya cewa an rusa masallatai 417 cikin 436 na ƙasar nan. Baba yana cikin waɗanda suka tafi. Ya bar mini akwatin burushinsa ya ce in ajiye masa. A wani sansani a gabashin Kamaru Allah ya yi masa rasuwa, ko jana'izarsa ban samu ba.

Mu da muka rage muka koma kamar tsuntsaye a keji. Maƙabartarmu tana Boeing, hanyar kuwa ba ta biyuwa. Sai aka koma binne mamata a cikin gidaje da kangaye. A nan aka tuna da ni. Za a zo da guntun langa-langa a ce in rubuta suna da rana, don kada gobe a rasa sanin wanda ke kwance a ina. Ban karɓi ko dala a wannan aiki ba, ban kuma ƙirga yawansu ba, na dai san gwangwanin baƙin fenti ɗaya ya ƙare na buɗe na biyu. Wasu sunayen na abokan wasana ne. Akwai na wani yaro da na koya wa karatu.

Daga nan warin fenti ya fara tayar mini da zuciya. In na buɗe gwangwani sai hannuna ya kama rawa. Na tura akwatin Baba ƙarƙashin gado, na ce ni da burushi har abada.

Abin da ya fito da shi shi ne zuwan Paparoma Francis babban masallacinmu ranar 30 ga Nuwambar 2015. Ana saura kwana biyu wasu samari suka zo da farin yadi suka ce kalma ɗaya suke so, a harshe uku. Na ce musu na daina. Babbansu ya ce: "Malam, in ba kai ba wa? Masu yi duk sun tafi." Da fitilar waya na yi aikin cikin dare: SIRIRI, PAIX, da SALAM da baƙaƙen Larabci a tsakiya. Layin bai miƙe ba, domin ba wanda zai riƙe mini ɗaya bakin zaren sai ƙanena ɗan shekara tara. Washegari na ga yadin nan a hannun samari a kan babura, sun ratsa shingen da muka yi watanni ba mu ƙetare ba, sun bi ayarin baƙon har cikin gari. A watan Fabrairun 2016 aka ƙulla yarjejeniya tsakanin mutanen Kilomita Biyar da na Boeing, hanyar maƙabarta ta buɗe. Aikin langa-langar kabari ya ƙare, na koma allon shago.

Hannu na aiki, ido na barci

Zan faɗi gaskiya a kan shekarun da suka biyo baya, ko da ba ta yi mini daɗi. Na koma aiki, amma kwafa kawai nake yi. Injin buga tamfal ya shigo gari, mai shago zai kai hoto a waya, kafin la'asar an buga masa allo mai sheƙi da hoton shinkafa da gwangwanin madara. Don in yi gogayya da inji sai na koma kwaikwayon inji. In buɗe intanet, in nemo allon wani kanti a Dubai ko Faransa, in kwafe shi harafi da harafi. Kuɗi na shigowa daidai gwargwado, amma in na wuce ta gaban aikina ba na ɗaga kai.

A cikin shekarun nan ne kuma na yi aikin da har yau nake jin kunyarsa. Wasu samari masu bindiga, cikin waɗanda suke karɓar kuɗi a hannun 'yan kasuwa da sunan tsaron unguwa, suka aiko a kira ni. Sunan sansaninsu suke so a bango, da manyan haruffa. Na yi tunanin matata da jaririnmu, na ɗauki burushi na bi su. Wallahi aikin ya yi kyau, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Kullum in na wuce sai in ga inuwar haruffan nan irin ta Baba, hannun da aka koya wa zayyanar allo. A ƙarshen Disambar 2019 'yan kasuwa suka gaji suka tashi wa samarin nan, aka yi kwanaki ana faɗa, aka rasa rayuka, shaguna suka ƙone. Da ƙura ta lafa, ba wanda ya aike ni, na sayi farar ƙasa da kuɗina na je na shafe bangon da asuba. Shafi uku na yi masa, amma in ruwa ya jiƙa shi har yanzu ana hango haruffan.

Wanda ya fara farkar da ni wani tsoho ne mai sayar da huluna a bakin masallaci. Na kai masa allon da ya sa ni, na yi masa ado irin na kantunan waje. Ya juya shi, ya dube ni ya ce: "Malam, wannan ai na mai sayar da waya ne. Ka dubi abin da ke gabanka mana." Ya ɗauko hula ɗaya ya miƙo mini. Na tsaya ina kallon ɗinkin, yadda zare ɗaya yake shiga ya fita ya koma inda ya faro ba tare da ya yanke ba. Shekara nawa ina sa hula a kaina, ban taɓa zama na bi zaren da ido ba. Na mayar da allon gida na sake shi, na zagaye sunansa da zanen hular. Har yau yana rataye, kuma ta dalilinsa na samu aiki ya fi goma.

Sai kuma ƙarshen 2020, da 'yan tawaye suka toshe hanyar Garoua-Boulaï, wadda kusan duk kayan Douala ta nan suke shigo mana. Motoci suka yi makonni jibge a kan iyaka, fenti ya yi tsada ya kuma yi wuya. Rashin nan ya mayar da ni ga abin da Baba ya nuna mini. Na dafa tawada da ƙaro. Na ɗebo jar ƙasar Bangui, wadda kullum muke zagi don tana ɓata mana fararen kaya, na tankaɗe ta, na jiƙa, na tace da tsumma, na haɗa da ƙaro. Launin da ya fito babu shi a gwangwani ko ɗaya. Shi ne launin bangon gidajenmu da na ƙafafun yaranmu.

Waɗanda suka riga ni

A lokacin ne na fara neman labarin masu zane, na ga ashe ciwon da nake ji ba a kaina aka fara ba. Mutum uku suka tsaya mini a rai.

Na farko ɗan ƙasar nan ne, Clément-Marie Biazin, wanda aka haifa a 1924 ya rasu a 1981. Ya yi kusan shekara ashirin yana yawo a ƙasashen Afirka yana 'yan ƙwadago, sai da ya haura shekara arba'in ya fara zane. Ya zana ɗaruruwan alluna a kan tarihin ƙasar nan da al'adunta da zamanin Turawa. Yakan raba allo gida-gida, ya zagaye kowane gida da ado, ya kuma rubuta bayani a ciki don kada mai kallo ya ɓata. Kuturta ta ci hannunsa a ƙarshen rayuwarsa. Wani Bafaranshe mai shirya fim, Robert Sève, shi ya tattara aikinsa ya kai shi Turai, aka nuna shi a Amsterdam da Paris. Abin takaici, ka tambayi yaran ajina ko ɗaya bai taɓa jin sunansa ba, ni ma sai da na girma. Daga wurinsa na koyi cewa ba laifi ba ne a haɗa zane da rubutu, kuma mai zane yana iya zama ma'ajin tarihin mutanensa.

Na biyu Ibrahim El-Salahi ne na Sudan, haifaffen Omdurman a 1930, ɗan malamin makarantar allo. Ya yi karatun zane a Landan, ya dawo Khartoum ya baje aikinsa irin na Turawa, mutanensa suka ƙi kulawa. Sai ya koma ya dubi abin da suke ratayewa a ɗakunansu, ya tarar da rubutun Larabci da adon gargajiya, ya gina sabon salo a kansu. A 1975 aka tsare shi a kurkukun Kober wata shida ba shari'a. A can ya riƙa zane a ɓoye a guntayen takardar buhun siminti yana binnewa a rairayi. A 2013, shekarar da tamu duniyar ta kife, gidan Tate Modern na Landan ya yi babban baje kolin aikinsa. Da na karanta labarinsa sai na tuna mai huluna, na yi dariya ni kaɗai. Ashe kowa da tsohon da yake ce masa ya dubi gabansa.

Na uku yana raye, a garin nan yake, Didier Kassaï, mai littafin zane Tempête sur Bangui da ya fito a 2015. Ya zana abin da ya faru da mu tun daga shigowar Seleka, da fentin ruwa, titi-titi. Salonsa ba nawa ba ne, shi mutane yake zanawa. Amma da na buɗe littafin na gane titunan da na sani, sai na ji wani abu ya motsa a ƙirjina: ashe garin nan namu ya isa a zana shi.

Ƙofar Inna

To, da wannan guzuri na zauna yin aikin Inna. Na zana ƙofar da na tuna: ƙarfe, kore, da tauraro a sama, da dakali a dama. Na gyara ta tsaf, na miƙe layukanta, na ƙara mata furanni a gefe. Na ɗauki hoto na tura.

Kwana biyu shiru. Rana ta uku saƙo ya zo. "Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ƙofa ta yi kyau. Amma ba tawa ba ce. Tawa tana da lotsawa a ƙasa, inda Malam ya buge ta da amalanke shekarar da aka haifi babban jikana. Kuma ba kore ba ce. Ina ka samo furanni?"

Na ji kunya ƙwarai. Na zana mata ƙofar da nake ganin ta cancanta, ita kuwa wadda ta rasa take nema. Launin kuma ya tsaya mini, ni ina ganin kore, ita ta ce ba kore ba, ta kuma kasa gaya mini sunan launin. Sai matata ta tuna mini da wata mata Kirista mai sayar da garin rogo, wadda ta yi shekaru tana zama a dakalin Inna kafin rikici, yanzu tana hayin gadar Yakite. Rabona da layinsu tun 2013. Na yi kwana uku ina shawara da zuciyata, ranar Lahadi da yamma na ƙetara.

Ta gane ni. Muka gaisa da Sango, ta sa aka kawo mini kujera, maƙwabta na leƙe. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ta rufe fuska da zane, ta daɗe ba ta yi magana ba. Sannan ta ce: "Mwalimu ba, ɗan Inna zan ce maka. Ƙofar shuɗiya ce. Koren da kake tunawa na farko ne, an sake mata fenti lokacin bikin 'yarta, amma a gefen makulli shuɗin ya goge, koren yana leƙowa." Ta tuna ƙusar da Inna ke rataye fitila, ta tuna cewa dakalin ya tsage a tsakiya. Ta ce in na tura zanen in haɗa da gaisuwarta, in kuma gaya wa Inna tana riƙe da bashinta na kwano biyu na gari, ba ta manta ba.

Na sake zanen da tawada da jar ƙasa da ɗan shuɗin bula na wanki. Na sa lotsawar, na sa ƙusar, na sa tsagar dakali, na bar koren yana leƙowa a gefen makulli. A ƙasa, irin na Biazin, na rubuta sunan layin da shekarar da aka gina gidan da shekarar da aka rusa shi, da boko da ajami. Na ba wani direban babbar mota ya kai mata. Saƙon da ya dawo muryar jikanta ce, saurayi mai Faransancin Kamaru, ya ce kakarsu ta rataye shi a saman gadonta, kuma tun da ya iso take ba su labarin kowane tabo da ke jikinsa. A bayansa ina jin muryarta tana cewa a gaya wa mai gari ta yafe bashin.

Littafin ƙofofi

Magana ta bazu a wayoyin 'yan gudun hijira. Saƙo ya fara zuwa daga Ndjamena, daga Sido, daga Bertoua, daga Douala. Yanzu ina da ƙofa arba'in da 'yan kai a wani babban littafi, kowace na yi ta biyu, ɗaya ta tafi ɗaya ta zauna. Ba na sa wa aikin farashi, wanda ya samu yakan turo jaka biyu ko uku na takarda da kuɗin mota. Allon shago shi ke ciyar da gida har yanzu, shi da alli.

Na kafa wa kaina ƙa'ida: ba na zana ƙofa sai na ji ta daga bakin mutum biyu, mai gidan da wani maƙwabci. Sau da yawa maƙwabcin nan yana hayin gada, don haka aikin ya mayar da ni layukan da na rantse ba zan sake takawa ba. Ba ko'ina ake karɓata da fara'a ba. Akwai inda aka ce mini ba a san wani gida a wurin ba, alhali ina tsaye a kan tushensa. Akwai ƙofar da na tarar da ita da ranta, an ciro ta an kafa a wani gida, da lambar da ni na buga mata da faifan Baba. Na tsaya na zana ta daga nesa, ban ce wa kowa komai ba. Mai ita ya ce in rubuta a ƙasa cewa tana nan.

Wani abokina ya ce mini wannan aiki tonon ciwo ne, gara a bar abin da ya wuce. Na fahimce shi. Amma mu a ƙasar nan an sha ce mana baƙi, an sha tambayarmu takardar kakanni kafin a ba mu katin ɗan ƙasa. Boganda ya bar mana kalmar Zo kwe zo, kowane mutum mutum ne, kuma mutum yana da inda ya fito. Littafin nan ba takardar fili ba ce, ba zai ci shari'a a gaban alƙali ba. Sai dai duk yaron da aka ce masa ubansa bai taɓa zama a Yakite ba, zai iya buɗe shafi ya nuna ƙusar da kakarsa ke rataye fitila.

Ranar Juma'a, rabin sa'a kafin a tashi, nakan rufe littafin lissafi in raba wa yaran ajina takarda. Musulmi da Kirista ne a ajin, yawancinsu an haife su ne a cikin rikicin ko bayansa. Aikin farko da nake ba su kowace shekara shi ne kowa ya zana ƙofar gidansu ba tare da ya je ya duba ba, sannan ya koma gida ya gwada. Ran Litinin sai su dawo suna mamaki: "Mushe, ashe tamu tana da faci!" Sai in ce to, yanzu ka fara gani, ɗauki wata takardar.

Ga matasan da ke tambayata inda ake samo basirar zane, ba ni da amsar da ta wuce ta mai huluna. Ku bi zaren hular da ke kanku da ido, ku dubi lallen hannun iyayenku mata, da aska takwas a wuyan rigar liman, da tsatsar rufin maƙwabta. Ku ƙirga haruffa kafin ku fara. Ku kuma san wa kuke ba aron hannunku, domin farar ƙasa ba ta rufe komai duka.

Jiya da dare wani saƙon ya shigo, lambar Chadi. Dattijo ne, ya ce gidansa ba shi da ƙofar ƙarfe, labulen buhu ne da wata bishiyar mangwaro a gaba, ko ina zana irin wannan? Na ce masa ina zanawa, Baba. Bishiyar tana nan, na gan ta da safe a hanyar lakwal, ta fara fure.